Shata ya zo unguwarmu ban gan shi ba

Har yau in na tuna daren nan sai in ji wani abu ya tokare min maƙogwaro. Ina ɗan shekara 14 lokacin, muna Tudun Wadar Zariya, wani attajiri a bayan layinmu zai aurar da 'ya'yansa mata biyu rana ɗaya, tun ana saura sati labari ya gama unguwa wai Shata zai zo. Ba a yi sanarwa a rediyo ba, ba a rubuta a katin biki ba, amma duk inda ka ratsa, teburin mai shayi ne, wajen masu faci ne, bakin famfon da mata ke ɗiban ruwa ne, zancen ke nan. Ranar da la'asar na ga motarsu da idona ta shigo layin, na ga wani dogon mutum yana sauko da kalangai yana jingina su a jikin bango a hankali kamar mai ajiye jarirai, to iyakar rabona ke nan. Ana idar da sallar isha'i Baba ya danna sakata a ƙofar zaure ya ce duk wanda ya fita kada ya dawo masa gida, ɗan malam ba ya zuwa wajen kiɗa. Ni da yayana muka lallaɓa muka hau saman soro muka kwanta rub da ciki, iska tana kawo kiɗan tana ɗauke shi, in ta juyo sai mu ji muryar tsohon tar kamar a tsakar gidanmu yake, in ta juya sai guɗar mata kawai ke iso mu. Sau uku ko huɗu muka ji wurin ya kaure da sowa gaba ɗaya, mun san ya jefa wata magana, amma ba mu ji me ya ce ba.

Da safe Kawu ya shigo gaida Inna, shi kam ya je, idonsa jawur don bai yi barci ba, muka tsare shi a zaure. Ya ce ai ba waƙar da kuka sani ba ce aka yi jiya. Ya ce ana cikin waƙar ango wani mutum ya shigo fili da babbar riga yana taƙama yana ɗaga kuɗi sama don a gani amma ya ƙi liƙawa, Shata ko kallonsa bai yi ba, sai kawai ya karkatar da waƙar ta bi ta kansa, bai kama suna ba amma kowa ya gane, makaɗa suka canza hannu nan take kamar da ma sun san za a yi, 'yan amshi suka ɗauka, mutumin nan sai da ya zazzage aljihunsa kaf sannan ya samu hanyar fita. Na ce Kawu me ya ce masa? Ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce wallahi ba zan iya maimaita maka ba, sai kana wurin.

Sai kana wurin. Maganar nan ta bi ni shekara da shekaru. A watan Yunin 1999 Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a Kano aka kai shi Daura aka rufe, ina aji na ƙarshe a sakandare, na ji a rediyo, abin da ya fara faɗo min a rai shi ne saman soron nan da iskar da ta riƙa ɗauke min muryarsa. Mutum ya zo har bayan gidanku, tsakaninku bai fi taku ɗari biyu ba, kuma shi ke nan har abada.

Ba na ganin laifin Baba, Allah ya jiƙansa, abin da ya taso ya tarar ya yi, kuma tsoron da yake ji mana na gaskiya ne don wajen kiɗan dare ba kowa ke zuwa da niyyar sauraron waƙa ba. Amma dai shi ɗin da kansa in an sako Shata a rediyon Kaduna ba ya murɗawa, sai ka ga yana kaɗa ƙafa a ƙarƙashin buzu, in ya lura kana kallonsa ya tsaya. Kuma ba shi kaɗai ba ne, haka muke kusan dukkanmu. Muna son waƙar muna ƙyamar mai ita. A kira makaɗi ya wasa mu ranar suna ko ranar naɗi, kanmu ya kumbura, gobe ɗansa ya zo neman 'yarmu a ce a'a, gidan roƙo ne. Shatan ma ai sananne ne cewa mahaifinsa a Musawa bai so ya yi waƙa ba saboda wannan dalilin, ga shi mutumin da aka so a hana ya kai har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, a garin nan namu da aka kulle ni a gida don kada in gan shi.

Na Ɗan Maraya Jos kuwa ba ni da wanda zan ɗora wa sai kaina. Aiki ya kai ni Jos na zauna shekara uku cur, gari ɗaya da mutumin, kowane ɗan acaɓa ya san gidansa, abokan aikina har cewa suke in kana so mu kai ka ka gaishe shi ai ba ya korar baƙo. Kullum sai in ce sai an samu natsuwa, lokacin garin ba daɗi, rikici ya lafa ya taso, yau dokar hana fita gobe an sassauta, mutum in ya tashi aiki Allah-Allah yake ya ga ya shige ɗaki kafin duhu. Sau ɗaya aka ce zai yi wasa a wani taro, har na sa kaya, sai hadari ya haɗo na ce bari dai wani karon. Aka mayar da ni Kaduna, ina nan ina cewa wata rana zan koma musamman, sai ga labari ranar 20 ga Yunin 2015, cikin azumi, wai Ɗan Maraya ya rasu. Na zauna a bakin gado na kasa cewa komai sai innalillahi.

Abin da ya sa nasa ya fi ci min rai, shi fa mutum ɗaya ne tal, ba 'yan amshi ba tawaga, daga shi sai kuntigi, ɗan abin nan da bai wuce tafin hannu da kaɗan ba, gwangwani ne aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya ɗaya, amma da shi ya zaga duniya, da shi ya yi wa karen mota waƙa lokacin da manyan mawaƙa ke layi a ƙofar sarakuna da masu kuɗi. Na kalli bidiyonsa ba adadi a YouTube, ina tsayarwa ina mayarwa baya don in ga yadda yatsun ke yi, amma kyamara ba ta bin abin da kai kake so ka gani, daidai inda hannun zai yi abin mamakin sai mai ɗauka ya juya kan wani babban baƙo yana gyara hula. Da na je da kaina da na zauna kusa na zuba wa hannun nan ido har a tashi.

Na san akwai masu cewa to meye abin damuwa, ba ga waƙoƙin nan a waya ba, ka saka a memori ka ji har ka gaji. Ni ma ina da su, sun fi ɗari a wayata, kuma na gode wa Allah da waɗanda suka ɗauka. Amma duk wanda ya san waƙar baka ya san abin da ke cikin kaset ɗanɗano ne kawai. Waƙar makaɗan nan ba a gama ta a gida a zo a rera, gindin waƙar ne kawai tsayayye, ɗiyan kuwa a fili ake haifar da yawansu, gwargwadon wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta da wanda ya yi rowa da abin da ya faru a garin a satin. Shi ya sa za ka ji waƙa ɗaya ta Shata kala uku kala huɗu, wannan minti goma waccan rabin awa, kowacce da mutanen da aka ambata a ciki. Wadda ta shiga faifai ko aka ɗauka a gidan rediyo ita ce ta tsira, sauran dubban da aka yi a ƙofar gidajen biki da filayen kasuwa da tashoshin mota sun tafi tare da waɗanda suka tsaya a wurin. Maganar da ta sa Kawu riƙe ciki tana cikin waɗannan, shi ma ya rasu da ita.

Sannan akwai abin da lasifika ba ta iya kawowa ko da ta miliyan ce. Kalangu in ana matsa shi a hammata kusa da kai ba kunne kaɗai ke ji ba, a ƙirji kake jinsa, kuma magana yake yi, wanda ya saba yana jin sunansa da na ubansa a cikin kiɗan tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Ga sanƙira yana ratsa fili yana sanar da kyauta yana zuga, ga yadda jagora ke juyawa ya harari ɗan amshin da ya makara, ga ƙura ga zufa ga ƙamshin turaren mutane. Ka ɗauki Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991 ina firamare, in ka saurari faifansa za ka ji muryoyi suna hawa kan juna, shi ya ɗauko magana bai dire ba 'yan amshi sun cafe sun ƙara nasu sun miƙo masa, kotso na tafiya a ƙasa ba ya kuskure, ba takarda ba mai ɗaga musu hannu. Kullum in na ji sai in ce a raina wai ya suke tsayuwa ne, wa ke kallon wa, da ido suke yi ko da kafaɗa? Wanda ya gan su a ƙofar fada ranar sallah ya san amsar, ni sai dai hasashe.

Narambaɗa kam ban ma sa shi a lissafin nadama ba don tun ba a haifi yayyena ba ya bar duniya, sai dai kishi nake yi da mutanen Isa na wancan zamanin da suke fitowa ƙofar Sarkin Gobir Amadu su tarar da shi kamar yadda mu muke tarar da mai rake a bakin titi. Haka Ɗan Anace da ya mayar da ɗan damben nan Shago abin tsoro a bakin duk Bahaushe har wanda bai taɓa leƙa gidan dambe ba.

Matata kuma nata daban. Ita Barmani Choge ce ta tsaya mata a rai. Ta ce tana budurwa aka yi wani biki a danginsu a Funtuwa aka ce Barmani za ta yi wasa a cikin gida, ranar ta tashi da zazzaɓi aka bar ta a ɗaki, yayyenta suka dawo muryarsu a dishe suna ba ta labarin yadda aka kifa ƙwarya a ruwa aka jera wasu a ƙasa, yadda tsofaffin da a gida ko dariya ba sa yi da ƙarfi suka tashi suka ɗaure gyale a ƙugu suka cashe, yadda Barmani ke tsayawa a gaban mace ta gaya mata ta tashi ta kama sana'a kowa na tafi. Barmani ta rasu a watan Maris na 2013. Kuma ka duba, amada wasan cikin gida ne na mata zalla, maza ba sa shiga balle mai kyamara, don haka abin da aka ɗauka nata a dandamali da talabijin bai kai rabin abin da matan nan suka gani a tsakar gida ba. In mu maza mun yi asara ɗaya, ta mata biyu ce.

To duk wannan ya wuce, kuka ba ya dawo da mamaci. Abin da ya sa na zauna nake wannan rubutun shi ne mu ɗin nan masu cewa kaico ba mu ga Shata ba, mu ne kuma muke kashe wanda ya rage da hannunmu. Yaushe rabon da ka je biki a birni ka ga makaɗi da ganga a rataye? DJ ne da kwamfutarsa da lasifikokin da ke sa kai ciwo. In ma an gayyato mawaƙi, zuwa yake da waƙar da aka riga aka buga a situdiyo da fiyano, a saka a filash, ya riƙe makirfo yana mamin, bakinsa na motsi muryar na fitowa daga na'ura, in wuta ta ɗauke waƙa ta mutu sai a tsaya ana kallon-kallo har a tada janareta. Na ga wannan da idona a bikin wani abokina, wuta ta ɗauke mawaƙin ya tsaya riƙe da makirfo ya kasa ci gaba da baiti ɗaya da bakinsa, wallahi tausayi ya ba ni, don yaron yana da murya, kawai ba a taɓa sa shi ya tsaya gaban mutane da ita tsirararta ba. Ba na raina mawaƙan zamani, akwai masu fasaha sosai a cikinsu kuma ina jin su, tun da fiyanon Yamaha ta shigo situdiyoyin Kano a shekarun 1990 abin ya buɗe wa yara da yawa hanyar abinci waɗanda ba gidan kiɗa suka fito ba. Sai dai wanda ya je kallon mai mamin bai ga komai ba da ya wuce abin da ke wayarsa, fuskar ce kawai ƙari.

Ana cewa tsada ce, kuma akwai gaskiya a ciki, tawagar mutum takwas ko goma sai ka yi musu mota ka ciyar da su ka sallame su, DJ kuwa mutum ɗaya ne da yaronsa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, mutumin da ya kama holin biki na miliyoyi ya yi ankon leshi kala uku ya ɗauko mai kwalliya daga Abuja ba kuɗin makaɗa ne ya gagare shi ba, kunya yake ji kada a ce bikinsa na ƙauye ne. Wannan kunyar ce ciwon. Ita ce ta sa ɗan makaɗi yake ɓoye sana'ar ubansa a makaranta, ya gwammace ya yi acaɓa da ya ɗauki kalangun da kakansa ya bari, kuma in ya ajiye ba wani zai ɗauka ba don ba a koyon abin nan a littafi, sai ka bi uba ko ubangida shekaru kana riƙe masa kaya kana amshi kafin a ba ka dama ka buɗe baki.

Ga kuma rashin tsaro da ya zo ya ƙarasa abin. Ka lissafa garuruwan da manyan makaɗan fada da na maza suka fito, Maradun, Bakura, Isa, Zurmi, Faru, duk yankin nan ne da yau mutum ba ya iya kwana a gonarsa balle a kafa dandali har asuba. Kalankuwar da ake yi bayan an kawar da amfanin gona, samari da 'yan mata a fito da makaɗa kwana da kwanaki, a wurare da yawa ta zama labari. Makaɗi ba ya rayuwa in ba taro, taro kuma ba ya yiwuwa in ana tsoron ƙarar babur da dare. In ana lissafin abin da 'yan bindiga suka raba mu da shi ana faɗin rayuka da shanu da gonaki, kuma su ne gaba ba musu, amma wannan ma yana ciki.

Gwamnatocinmu kuwa sai mawaƙi ya mutu a aika tawagar ta'aziyya da buhunan shinkafa. Kowace jiha tana da hukumar raya al'adu da ma'aikata da ofis, me zai hana a ce duk wata sau ɗaya, da rana tsaka ba da dare ba don kowa ya iya zuwa da iyalinsa, a buɗe fili a kawo makaɗan da suka rage a biya su kuɗi na mutunci su yi wasa da kayansu na asali? Wuraren ai akwai su, ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga filaye a Katsina da Sakkwato da Zariya, ba sai an jira bikin kamun kifi na Argungu ko hawan sallah ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun sa wa gasar waƙa sunan Ɗan Gurmu na Tawa, ko ba komai yaro zai tambaya wane ne shi. Na taɓa shiga ɗakin ajiyar wani gidan rediyo neman wata tsohuwar waƙa, wani dattijo ma'aikaci ya buɗe min, faya-fayen nan na zare jibge a kwali ƙura ta rufe su, wasu zafi ya manne su, ya ɗauko ɗaya ya hure ya karanta min sunan makaɗin da ban taɓa ji ba, ya ce injin da zai juya wannan ya lalace tun kafin a ɗauki yaran nan aiki. Wato wanda ba mu gani ba ya tafi, wanda aka ɗauka ma yana bin sa a hankali.

Inda na ga abin yana numfashi har yanzu shi ne gidan dambe. Je ka Dei-Dei a Abuja ko filayen dambe na Kano da yamma ka gani, makaɗi na tsaye da kalangunsa ba na'ura ba filash, ya kama taken ɗan dambe sai ka ga ƙato ya miƙe tsam jikinsa na ɓari yana kirari, kiɗan ne ya tashe shi a gaban idonka. Ranar da na fara gani na ce ashe abin da Kawu yake nufi ke nan.

Da kakar bara na ɗauki babban ɗana, shekararsa 12, muka tafi wani ƙauye a bayan Giwa bikin ɗan wani abokin aikina, don an ce min akwai tsoho mai gurmi da zai yi wasa. Inna da ta ji ta ce kai da ubanka ya kulle a gida kai ne za ka kai jikansa wajen kiɗa? Na ce Inna da rana ne, kuma ina riƙe da hannunsa. Tsohon ya kai saba'in, haƙoransa saura kaɗan, yana zaune a kan tabarma da yara biyu masu amshi, ba wanda ya san shi a intanet, ko sunansa ba za ka samu ba in ka bincika. Ana cikin waƙa ya ɗago ya ga yaron ya ƙura wa yatsunsa ido, sai ya tambayi na kusa da shi ɗan wane ne wannan, aka gaya masa, kawai sai ga sunan ɗana a cikin waƙar, baƙon birni mai farar hula, 'yan amshi suka karɓa, mutane suka juyo suna dariya suna nuna shi. Yaron ya rasa inda zai sa kansa, ya matse hannuna, na ba shi ɗari biyar na ce je ka liƙa masa, ya tafi ƙafarsa na rawa ya ɗora masa a goshi.

Da aka tashi muka je muka durƙusa muka gaishe shi, ya bar yaron ya taɓa gurmin, ya nuna masa inda ake danna tsirkiya. Na ce Baba wa ka koya wa a cikin 'ya'yanka? Ya ce duk sun tafi Legas da Fatakwal neman kuɗi, waɗannan biyun jikokin maƙwabcinsa ne, su ma sai ya lallashe su. Ya ce in Allah ya kai mu bayan sallah akwai suna da zai yi wasa a ƙauyen gaba, in muna so mu zo. Shi ba shi da waya, lambar ɗaya daga cikin yaran na karɓa, a mota ɗana ya karɓi wayata ya duba ya tabbatar na yi sabin ɗinta daidai.